Cigiyar wata tsohuwar wakar noma, kwana uku ina nema a waya ban samu ba

Auwal Tela: Slm yan uwa, dan Allah taimako nake nema kuma ba na kudi bane kafin wani ya sulale 😂 Baba ne ya taso ni gaba kan wata tsohuwar wakar noma da yake ji a rediyo tun yana saurayi, yace tsakanin 1975 zuwa 1978 haka kafin ya dawo Kano da zama. Mawakin mutumin kasar Zamfara ne mai gangar noma, irin wadanda ake dauka in za a yi gayya. Baba ya manta sunansa na yanka, lakabinsa kawai ya rike sai amshin wakar. Tunda ciwon kafa ya kwantar da shi kullum sai ya rera min amshin yace in nemo masa tunda ance komai akwai a waya. Wlh yau kwana uku, na kona data ta fi giga biyu, ba abinda ake kawo min sai wakokin biki da na siyasa. Wa ya san dabara?

Zee: Allah ya ba Baba lafiya. Yaya Auwal ka gwada TikTok kuwa? ni yanzu ko girki zan nema can nake zuwa bana bi ta Google

Bash Mai Waya: wslm, Allah ya kara sauki. Tsaya tukuna me da me ka rubuta a wajen neman?

Auwal Tela: amin ngd. Na rubuta tsohuwar wakar noma, na rubuta wakar gayya, da na gaji na rubuta waka kawai

Bash Mai Waya: 😂😂 waka kawai? ai nasan abinda ka gani, wakar nan Waka Waka ta gasar kofin duniya ta 2010

Auwal Tela: wlh ita ce, shafi guda cur

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Auwal bari in fara da abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. In ka rubuta kalma a Google ko YouTube, ba sauraron waƙoƙin duniya yake yi yana zaɓo maka ba. Rubutun da ke manne da abin yake bi: sunan da mai ɗorawa ya sa, bayanin da ya rubuta a ƙasa, abin da mutane suka ce a wajen sharhi, shafin da aka liƙa shi. To in wanda ya ɗora waƙar nan ya sa mata suna "old hausa music 4", ko ka shekara kana rubuta gayya ba za ta fito ba, alhali tana nan zaune. Saboda haka daina tunanin me ke cikin waƙar, fara tunanin me wanda ya ɗora ta zai iya rubutawa.

Malam Kabiru: Na biyu kuma rubutunmu ne. Kalma ɗaya sai ka ga an rubuta ta iri huɗu: waƙa, waka, waqa, wak'a. Ɗan ma haka, wani Dan, wani 'Dan, wani ya haɗe shi da sunan gaba ɗaya ba tazara. Laƙabin nan da Baba ya riƙe shi ne jarinka. Rubuta shi kowane iri, ka sa shi tsakanin alamar zance "kamar haka" don a nemo shi a jere yadda ka rubuta, sannan ka ƙara site:youtube.com a gaba, in ba ka samu ba ka canza zuwa site:facebook.com ko site:archive.org. In wani abu ya dame ka da fitowa ka sa alamar ragi a jikinsa, misali -siyasa, sai a cire maka shi.

Dan Maradi: Assalamu alaikum, Allah shi ba tsoho lahiya. Malam ya hwadi gaskiya amma ku yan Nijeriya kuna mance wani abu, mu nan in za mu dora waka da rubutun Faransanci muka dora ta. Hausa ma haoussa muka rubutawa, wasalin u kuma ou ne, ca kuma tcha. Makadan Zamfara da Sakkwato da Katsina ai nan Maradi gidansu ne, ana kiransu biki ana saida kaset dinsu kasuwa tun da dadewa. Ka gwada musique traditionnelle haoussa, ko ancienne chanson haoussa, kuma lakabin mutumin ka juya shi zuwa irin rubutunmu. Akwai abubuwa da yawa da yan Tawa da Damagaram sunka dora wadanda ba ku gani don ba ku san sunan da anka ba su ba

Auwal Tela: kai wannan bai taba zuwa min ba wlh. Bari in gwada in na tashi daga shago

Zee: ni dai gani nake duk wahala ce wannan, ba Shazam? a kunna masa Baba ya rera shikenan

Bash Mai Waya: Zee Shazam ba boka bane. Shi sai an kunna masa ainihin wakar da aka dauka, ya dauki kamar zanen yatsa na sautin ya gwada da wadanda ke rumbunsa. Muryar Baba ba ita ce wakar ba. Wanda ake rera masa ya gane shine na Google, in ka taba makirfon din nan akwai wajen neman waka, tun 2020 suka sa shi, kana iya yin gunguni ko fito. Amma shima sai wakar tana cikin wadanda ya sani, su kuma wadanda ya sani sune wadanda kamfanoni suka yi wa rijista suka zuba a su Spotify da YouTube Music. Mai gangar noma na 1976 wane kamfani ya yi masa rijista fisabilillahi

Zee: to ai gwadawa ba ta kashe mutum

Auwal Tela: na gwada jiya da daddare ma, Baba ya rera har sau uku, wakar Indiya ya kawo mana, Baba yace in kashe masa abin nan 😂

Maman Ihsan: 😂😂 Allah sarki Baba. Auwal ni shawarata ka bar Google ka shiga Facebook kai tsaye, akwai guruf guruf na masu son wakokin gargajiya, dattawa ne cike a ciki wadanda suka yi zamanin. Ka dauki muryar Baba yana rera amshin ka dora kace cigiya. Abinda inji bai gane ba wani tsohon direba zai gane cikin minti biyar. Haka na samo wa Hajiyarmu wani tsohon wasan kwaikwayon rediyo, wata baiwar Allah ce daga Jos ta turo min ta inbos

Malam Kabiru: Wannan ita ce magana. Kuma ku sani Google ba ya ganin abin da ke cikin guruf na WhatsApp, haka rufaffen guruf na Facebook. To mu kuma dukiyarmu ta sauti a nan take yawo, daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth, da suna irin AUD-2021 kaza WA0007. Ba sunan mawaƙi, ba gari, ba shekara. Kamar ka zuba littattafai dubu a ɗaki ka yage bangon kowanne.

Anti Rabi: Salamu alaikum yarana. Tunda ana zancen kayan da, ga wani hoto da aka turo min a guruf din yan uwa, ance hawan sallar Kano ne a 1890. Ku ga yadda kakanninmu suke da kwarjini masha Allah

Zee: wow masha Allah 😍 zan sa a status

Ummi Yar Jarida: Zee dakata kar ki sa tukuna. Anti barka da yamma, ku yi hakuri amma hoton nan ba 1890 bane. Ku kara girmansa ku duba can gefen dama bayan dawakan, mota ce a tsaye irin Land Rover, ita kuwa sai 1948 aka fara kera ta. Ga kuma rumfa da Turawa zaune da hulunan mata, alhali Turawa basu ci Kano da yaki ba sai 1903

Anti Rabi: Ikon Allah. Ni idona bai kai can ba. To na yaushe ne yar nan?

Ummi Yar Jarida: yanzu na jefa shi a Google Lens, ya kawo irinsa a wurare da yawa, hawan daba ne da aka yi wa Sarauniyar Ingila Elizabeth a Kaduna a 1956, ba ma Kano bane. Anti in kuna son ganin mai motsi ku sa a bude muku YouTube a rubuta British Pathé Nigeria 1956, wani tsohon kamfanin labaran majigi ne na Ingila da ya zuba finafinansa wajen dubu 85 a YouTube a 2014, akwai na kasar nan a ciki

Anti Rabi: Allah ya yi miki albarka. Bari in je in fada musu, wanda ya turo ma har da rantsuwa

Dan Maradi: Ummi ki koya muna yadda kika yi, don mu nan kullum ana turo hotuna ana cewa ga abinda ya faru jiya kan iyaka, hankalin mutane shi tashi

Ummi Yar Jarida: ba wuya wlh. In hoton yana wayarka ka bude manhajar Google ka taba alamar kyamara a gefen wajen rubutu ka zabi hoton, zai kawo maka wuraren da ya bayyana. Abinda kake nema shine kwanan wata, in ance jiya ne kai kuma ka ganshi a shafin 2017 ai magana ta kare. Akwai kuma TinEye, na Kanada ne tun 2008 yake, shi abinda nake so da shi zaka iya cewa ya jera maka daga mafi tsufa. Yandex na Rasha shima yana da ido sosai musamman kan gine gine da wurare. Ni ukun nake gwadawa don wanda wannan bai gani ba wancan zai gani. In hoton an lafta masa rubutu ko an zagaye shi da jan layi ka yanke wajen ka bar ainihin hoton, wani lokacin kuma masu yada karya juya shi suke yi dama ta koma hagu, sai kaima ka juya ka sake nema

Ummi Yar Jarida: bidiyo ne mai dan wahala don ba a jefa shi gaba daya. Sai ka tsayar da shi a wuri uku ko hudu inda hoton ya fito tar ka dauki sikirinshot, kowanne ka nema daban. Mu a wajen aiki muna amfani da InVID a kwamfuta shi yake yayyanka bidiyon da kansa, amma da hannu ma yana yiwuwa. Sannan ka bude ido da kunne, lambar mota, rubutun allon shago, kayan yan sanda, yaren da ake yi a baya, wane hannu motoci suke bi. Duk damina sai an turo bidiyon ambaliya ance garin kaza ne, kana dubawa kaga motoci suna bin hagu, mu kuwa tun 1972 muka koma dama

Zee: to ba hoto yana dauke da ranar da aka dauke shi ba? naji ance yana ciki

Bash Mai Waya: yana ciki in daga kyamara ya fito kai tsaye, har samfurin wayar wani lokacin har wurin. Amma da zarar ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi an goge wannan bayanin. Sai dai in an turo shi a matsayin dokumen. Shiyasa kwanan watan da kike gani a sunan fayil din ranar da ya shigo ne ba ranar da aka dauka ba

Admin: jama'a muna jin dadin karatun amma kar a manta cigiyar Auwal ce a gaba

Auwal Tela: ngd Admin har na fara tunanin an manta da ni 😅 Ga rahoto. Na bi shawarar Dan Maradi na samu wakoki da yawa da ban taba ji ba, har wata ta noma amma Baba yace ba ita bace. Sai kanina yace in tambayi AI din nan da ake hira da shi. Na tambaya, wlh ya bani amsa tsaf, sunan mawaki da garinsu da shekarar da aka dauka har da adireshin da zan shiga in saurara. Na yi murna na taba adireshin, babu komai. Na karanta wa Baba sunan yace shi duk kasar Zamfara bai taba jin mai wannan sunan ba

Zee: kila baka iya tambayar bane

Malam Kabiru: A'a Zee, ba laifin tambaya ba ne. Irin waɗannan in ba a haɗa su da bincike na gaske ba, jera kalmomin da suka dace da juna suke yi, kuma sun fi son su ba ka amsa da su bar ka hannu rabbana. In abu ya yi yawa a rubuce suna yin daidai, in babu shi a rubuce kamar makaɗin ƙauye sai su ƙera maka. Yana da amfani wajen ba ka kalmomin nema, misali ka ce ya jero maka yadda za a rubuta laƙabin nan da Faransanci ko yadda Bature zai rubuta shi. Amma suna da shekara sai ka gani da idonka a wani wuri.

Zee: ni dai yana min aiki a makaranta

Malam Kabiru: Mun sani, mu ne muke duba takardun ai.

Bash Mai Waya: 😂😂😂 Malam ya gama da ke

Maman Ihsan: Malam tunda kuna nan nima ga tawa matsalar. Ni mai jin fodkas ce, ina aikin gida ina saurare don bidiyo yana cin data kuma ba dama in tsaya kallo. Da Google Podcasts nake amfani har aka rufe shi a 2024 aka ce a koma YouTube Music, na koma wata manhajar daban. Abinda yake bani haushi na Hausa wuyar samu gare su, in ka rubuta Hausa sai shirye shiryen BBC da DW da RFI su fito, wadannan kam ba matsala, amma na yan uwa masu zaman kansu sai dai wani ya turo maka. Wanda ka samu kuma ka tarar sunan kowane shiri kashi na 12, kashi na 13, to akan me aka yi magana? oho. Akwai wata hira da naji akan yaye da abincin yara wata shida da suka wuce, yau sati biyu ina nemanta na rasa a wane kashi take

Malam Kabiru: Ciwon ɗaya ne da na Auwal, Maman Ihsan. Manhajar fodkas take da bayanin shirin take karantawa. Akwai shafin da ake kira Listen Notes, shi aikinsa neman fodkas kawai, kuma yana nema har cikin bayanin kowane kashi ba sunan shirin kaɗai ba, gwada rubuta yaye a can. Amma in mai shirin bai rubuta komai ba, to sai dai ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan da yawa daga abin da mutanenmu ke kira fodkas a YouTube kawai yake, kujera biyu da makirfo biyu, ba a zuba shi a manhajojin sauti ba. Irin wannan a YouTube za ki nema, ki taɓa wajen tacewa ki zaɓi masu tsawon fiye da minti 20 don gajerun yanke-yanke su ba ki wuri. In kin tuna tashar, shiga cikinta ki yi nema a can ciki, ya fi a nema a fili.

Maman Ihsan: na gode Malam. Karatun malamai kam bana shan wahala, Telegram da archive.org cike suke da tafsiri shekara shekara, don su dalibai suna rubuta sunan malami da littafi da ranar zama

Malam Kabiru: Kin ga bambancin ke nan. Ɗaliban ilimi sun saba da cewa wane ya karɓa daga wane, shi ya sa nasu yake samuwa. Masu waƙa kuwa a tura kawai.

Bash Mai Waya: Malam naji kamar da mu kuke 😅 bari in kare kaina. Ni shekara goma sha daya ina tura wakoki da finafinai a memori a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, mutum zai zo yace cika min ta dari biyar, baya tambayar suna, ni kaina a haka na karbo su daga wanda ya karbo daga wani. Amma Auwal gsky in fada maka, wakar nan in tana duniya ba a intanet zaka fara samunta ba. Tsofaffin masu kaset na Kofar Wambai da suka ga kasuwa ta mutu wasunsu sun juye kaset dinsu a kwamfuta, akwai wani dattijo da nake karbar na gargajiya a wajensa yana da hard disk na kwamfuta guda biyu cike. Turo min muryar Baba in kai masa gobe in Allah ya kaimu

Bash Mai Waya: kuma dan Allah ka daina shiga shafukan nan masu koren maballi uku hudu kowanne yace danna nan. In ka danna waka kaga abinda yake sauka karshensa apk ne ba mp3 ba ka soke shi, manhaja ce ba waka ba, kullum sai an kawo min waya tana bude talla da kanta saboda wannan

Auwal Tela: wlh jiya saura kadan. Na tura maka ta fc, wato ta inbos dinka kai kadai

Dan Maradi: In ba a dace ba kuma a tuna da gidajen rediyo, tunda can tsoho ya ji ta. Mu nan La Voix du Sahel ta dauki makada da yawa, kuma a Yamai akwai cibiyar bincike ta IRSH ta jami'a inda anka aje tsohin sautuka

Ummi Yar Jarida: a gwada amma kar a sa rai da yawa. Na taba zuwa wani gidan rediyo neman wata hira ta shekarun 1980 don wani aiki, ma'aikacin mutumin kirki ya bude min dakin, faya fayai ne na zare jibge wasu ruwa ya taba su wasu an dauki wani shirin a kansu saboda karancin kaset a lokacin, injin da zai kunna su kuma ya lalace. Na fito jikina a sanyaye

Malam Kabiru: Abin takaicin ke nan. Wani lokaci sai ka ga na hannun baƙi ya fi tsira. Wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a ƙasar Zazzau a shekarun 1960 yana ɗaukar kiɗe-kiɗen Hausa, aka fitar da su a faifai a Turai, kowanne an rubuta irin kiɗan da kayan kiɗan da wanda ake yi wa. Ba don ya fi mu son abin ba, rubutawa kawai ya yi. In za ka nemi irin waɗannan sai da Turanci, kuma da kalmomin da su suke amfani da su.

Lauya Sani: ina ta karantawa ban ce komai ba. Tambaya daya, in an samu wakar sai a dora a YouTube ko? da izinin wa? dokar hakkin mallaka ta kasar nan ta bai wa mai waka hakkinsa har shekara 70 bayan rasuwarsa, magada ne suke ci. Mutum zai dora wakar bawan Allah ya tara masu kallo yana karbar kudin talla, jikokin mawakin suna kauye ko labari basu da shi

Bash Mai Waya: Barista in aka bi ta taka ai sai komai ya rube a kwali. Wa ya san inda magadan suke?

Lauya Sani: ban ce kar a adana ba. Cewa nayi a nemi iyalan, a rubuta sunan mai abu, kuma kar a ci kudi da shi a boye musu. Nemansu ba wuya kamar yadda kake cewa, makadi ba ya buya a garinsu

Maman Ihsan: ni ina bayan Barista a rabi ina bayan Bash a rabi. A fara samo ta dai tukuna, ba a rabon naman da ba a kama ba

Auwal Tela: ni Baba kawai nake so ya ji wlh, ba tashar YouTube gare ni ba

Admin: a ci gaba gobe, dare yayi

Bash Mai Waya: Slm jama'a barkanmu da yamma. Na je wajen dattijon, na kunna masa muryar Baba, bai ma bari ta kare ba ya karbe amshin yana kada kai. Amma nemo ta a kwamfutar ya dauke mu wajen awa biyu don folda ce mai suna gargajiya 3 da waka sama da dari hudu duk sunansu Track kaza, haka muka dinga budewa daya bayan daya. Track 14 ce a cikin wata foldar cikin folda. Auwal duba fc na turo maka a dokumen

Zee: 🎉🎉 Yaya Bash ka fi Google

Maman Ihsan: Alhamdulillah! Auwal muna jiran labari

Auwal Tela: jama'a Allah ya saka da alheri, Bash Allah ya biya ka. Na kai wa Baba bayan magariba. Ganga na tashi ya mike zaune, mutumin da sai an tallafa masa. Ya yi shiru har ta kare minti goma sha daya, Inna tana tsaye bakin kofa. Sai yace waka ita ce, kidan ma nasu ne, amma wannan muryar ba ta mai gidan bace, ta kanensa ce da yake cikin yan amshi, shi ya gaji gangar bayansa. Yace na ainihin muryarsa ta fi wannan kauri kuma akwai baitin da yake ambaton wani sarkin noma na garinsu wanda babu a wannan

Bash Mai Waya: kai Baba 😂 awa biyu fa

Auwal Tela: wlh haka nace a raina. Amma ya ji ta sau shida har caji ya kare, kuma jin ta ya sa ya tuno sunan kauyen mawakin da sunan kanen ma

Malam Kabiru: Ma sha Allah. Auwal kafin ka kwanta ka canza wa fayil ɗin suna, ka sa laƙabin mai gidan, sunan ƙanen, ƙauyen, da kalmar waƙar noma, ka rubuta da ƙ ka kuma rubuta da k. Sannan gobe ka kunna rikoda ka sa Baba ya faɗi duk abin da ya sani a kansu, har baitin da ya ce babu.

Dan Maradi: turo min sunan kauyen ta fc, muna da dangi wajen Shinkafi, in kusa ne sai a tambaya ko iyalan na nan, Barista shi samu natsuwa

Lauya Sani: 👍

Bash Mai Waya: af na manta, dattijon yace akwai kwali biyu na kaset a gidansa da bai juye ba don rediyonsa ta mutu, kuma yana zaton akwai na mai gidan a ciki. Wa yake da rediyo mai kaset da take aiki?

Anti Rabi: Ina da ita a daki tun ta Alhaji, amma robar ciki ta tsinke. In akwai mai gyara a turo yaro ya dauka ranar Asabar, kafin azahar don ina da biki.